Ruwan Tokar Yaya Kande

Yanzu na zo kan shekarar da ƙodar Malam ta lalace, kuma a nan zan daɗe, don ita ce shekarar da kuka fi ba da labarinta ba daidai ba. Na sha ji da kunnena wasunku na cewa ni na kori Gwaggonku Kande daga gidan nan. Wasu kuma har yau suna rage murya in an ambaci Rabi matar Sani. Da hannuna nake wannan rubutu, ba wani na sa ba, kuma ba wanda ya tsaya a kaina yana ce mani sa wannan cire wancan. In rubutun bai yi kyau ba ku yi haƙuri, da furfura na koya.

Bayan an gama cirar auduga ciwon ya fito fili. Ƙafafun Malam suka kumbura har takalmi ya daina shiga, in ya tashi da safe fuska ta cika kamar an hura. Aka kai shi Funtuwa, daga nan aka ce sai Zariya. Likitan Zariya ya ce ƙodar ta gaji, ba ta tace jini yadda ya kamata, abin da ya kamata ya fita ta fitsari yana taruwa a jiki. Ya ba da magani, sannan ya jero abin da ba za a ci ba: gishiri, magi, kanwa, ayaba, dabino, lemu, dankali. Yana faɗa Sani na rubutawa. Malam ya tambaye shi ko iska ma sai an auna mashi, likita ya yi dariya, Malam bai yi ba.

Mutanen gidan a lokacin ba yawa. Ni, da Malam, da ɗanmu Sani da matarsa Rabi 'yar Dandume, tana da goyon fari. Sai Yaya Kande, yayar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta dawo wurinmu bayan mijinta ya rasu. Ku da ba ku san ta sosai ba, ku sani ita ta raini Malam. Uwarsu ta rasu bai daɗe da yaye ba, Yaya ta goya shi tana yarinya, ta tauna ta ba shi. Duk garin nan ita kaɗai ke kiran sunansa gatsau, Sada, ya amsa. Ni ban taɓa jin haushin haka ba, haƙƙinta ne.

Tukunyar Malam aka ware daban, ƙarama, aka ba Rabi. Ni gwiwa ta matsa mani, kuma da la'asar ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a firamare, ba na son fashi. Rabi ta yi yadda likita ya ce. Malam ya ɗanɗana ya ture. Miyar kuɓewa ba gishiri ba kanwa, ba yauƙi ba ɗanɗano, tsululu kamar ruwan wanke kwano. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a jiƙa mashi ganye. Ya rame, wuya ya fito. Yaya Kande na zaune tana kallo, ta kasa jurewa. Wata safiya ta tara totuwar masara da karan dawa a bayan rumbu ta ƙona, ta kwashe tokar ta zuba a tsohon kwando da ta shimfiɗa wa tsumma, ta ɗora kan kwano tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan ya riƙa ɗiga, ja kamar shayi. Haka iyayenmu ke yi in kanwa ta yanke ko ta yi tsada, ni ma da shi na girma. Ta ɗura a kwalba ta miƙa wa Rabi, ta ce ta riƙa zubawa a miyar Malam da wakensa.

"Ba gishiri ba ne, ba kanwa ba ce," in ji ta. "Likita ya ambaci toka? Sani, duba takardar taka."

Sani ya duba, babu toka. Dukanmu muka ce haka ne. Ranar miya ta yi yauƙi, ta yi wannan ɗan ɗanɗanon da harshe ke nema, Malam ya cinye har ya suɗe kwano. Yaya ta yi ta murna kamar an yi mata haihuwa. Wannan abu a tsakar gida aka yi shi, ido na ganin ido. Ba wanda ya ɓoye, ba kuma wanda ya ɗauke shi a bakin komai, don a wurinmu toka ba abinci ba ce.

Ba a daɗe ba Malam ya faɗi a hanyar masallaci. Ya ce ƙafafunsa suka zama kamar ba ƙashi a ciki, bakinsa na kaikayi, zuciyarsa na tsalle tana tsayawa. Aka kwashe shi zuwa Zariya. Suka ɗebi jini, suka dawo da sauri, suka ce wani gishiri na cikin jini mai suna fotasiyam ya yi mashi yawa, shi ke neman tsayar da zuciya. A lambar gwaji, na lafiyayye ba ya wuce biyar, nasa ya doshi bakwai. Aka wanke mashi jini da inji ya farfaɗo. Likita ya tara mu ya yi ta tambaya, ya ci ayaba? Dabino fa? Kanwa? Maganin gargajiya? Muka ce a'a, kuma gaskiya muka faɗa. Ya girgiza kai ya ce shi dai ya san akwai abin da ke shiga cikin wannan bawan Allah, mu bincika.

Wannan maganar Yaya ta ɗauko ta kawo gida, amma kafin ta iso ta canja kama. Ta zama likita da bakinsa ya ce ana ba Sada wani abu. To wa ke dafa mashi? Kowa ya sani. Ba a rasa dalili ba, don mutane ba sa rasawa: Malam bai raba fadamar rake ba, in ya mutu Sani zai samu, matar Sani za ta ci. Yaya ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan. Tsoro ne ya kama ta, ta nemi inda za ta ajiye shi. Ko sau ɗaya kwalbarta ba ta zo mata a rai ba, ni ma ba ta zo mani ba. Da Malam ya sake faɗuwa, mata suka daina shiga ɗakin Rabi barka da yamma. In ta ba yaran maƙwabta ƙosai, uwarsu ta karɓe ta zubar. Sani ya ce Rabi ta je gida ta huta. Duk wadda ta yi aure ta san wannan hutun. Ta goya ɗanta, ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce Inna na tafi, na ce Allah ya kiyaye hanya. Sani ya gaya wa abokansa in aka yi Babbar Sallah zai aika mata da takardarta.

Tukunya ta dawo hannuna. Na yi yadda na ga ana yi, har da ruwan toka. Yaya ta aika Matazu wurin wani malami aka kawo rubutu na karya sammu, Malam yana sha safe da yamma. Da ranar komawa asibiti ta zo aka auna jini, lambar nan tana sama, ga shi Rabi ba ta gidan. Yaya ta ce ai abin da aka zuba wa mutum ba ya fita da wuri. Ni kuwa na ce ko dai injin gwajin jinin ne maƙaryaci. Inji nawa na gani sun lalace, na markaɗe, na ban ruwa, me zai hana wannan? Na bar su Malam a kan benci na bi mai ɗaukar jinin har ƙofar ɗakin gwaji, na ce ina son ganin abin da ke yanke wa mijina hukunci.

Wata mata ce a ciki, Malama Hauwa, ta kai sa'ar Sani, da farar riga a kan atamfa. Da farko ta ce ba a shiga. Na ce ni ma ba zama na zo yi ba. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce Hajiya cire takalmi. Injin bai kai yadda na zata ba, bai fi akwatin talabijin ƙarami ba, ɗakin kuma sanyi kamar an jiƙa shi. Ta buɗe gaban ta nuna mani wasu 'yan abubuwa a jere kamar kwalaben turare. Ta ce kowanne yana da wata fata siririya a bakinsa, ta fi ɓawon albasa laushi, kuma kowace fata gishiri iri ɗaya tak ta sani. Jini cike yake da gishiri iri-iri. In ruwan jinin ya bi ta kansu, wannan fatar ba ta kula kowa sai fotasiyam, waccan sai gishirin miya, haka dai. In gishirin ya taɓa fatarsa sai wata 'yar wuta ta tashi irin ta lantarki, ƙarama ƙwarai, ko ƙuda ba za ta girgiza ba. In gishirin ya yi yawa wutar ta ƙaru. Injin sai ya gwada ta da ta wata kwalba guda da ba ta canjawa, ya fitar da lamba. Ta ce ba ma duka gishirin yake ji ba, sai wanda yake sake yana yawo a jini, don shi ke aiki. Kuma zuciyar mutum da irin wannan 'yar wutar take bugawa, shi ya sa in fotasiyam ya yi yawa bugun ke rikicewa.

Na ce duk na ji, amma yana ƙarya ko ba ya yi?

"Yana yi, in an ba shi ƙarya," in ji ta. "In jini ya daɗe a ajiye, ko an jijjiga shi a hanya, lambar na hawa. In zafi ya yi yawa ma yakan kauce. Shi ya sa kullum sai mun ba shi ruwan da muka san abin da ke ciki, in ya faɗi daidai sannan mu yarda da shi. Na Baba kuwa a nan aka ɗiba, sau biyu na gwada."

A kan allon injin na ga harafin K. Lokacin ban daɗe da sanin haruffa ba, duk inda na ga wanda na sani sai na faɗa da ƙarfi. Na ce wannan ai yana jikin buhun takin zamani. Ta ce shi ne, abu ɗaya ne, shuka na shan shi daga ƙasa ta tara a kara da ganye. Sannan ta jawo mani kujera, ta ce kar in lissafa mata abin da Malam ke ci, likita ya riga ya yi wannan. In ba ta labarin girkin tun daga hura wuta har zuwa kwashewa, kada in tsallake komai. Na fara, na ɗora ruwa, na sa daddawa, na sa ɗan barkono, in ya tafasa in zuba ruwan toka, sannan in kaɗa kuɓewa. Ta ɗaga hannu.

"Tokar me, Hajiya?"

"Ta totuwa da kara. Ba kanwa ba ce."

Ta ce kakarta ma tana yi a ƙauyensu, ta manta da shi sam. Ta ce in aka ƙona kara komai na tafiya da hayaƙi, amma fotasiyam ba ya ƙonewa, a toka yake zama, in an tace kuma shi ne farkon bin ruwa. Mai lafiya ya sha ƙodarsa ta fitar. Malam ba shi da mai fitar mashi. Ta ce a daina daga yau, kuma in zan dawo in zo da kwalbar. Da ranar asibiti ta zagayo na zo da ita. Sai da ta nemi izinin shugabanta, don ta ce injin ba na miya ba ne. Ta ɗiga kaɗan a cikin ruwa mai yawa ta gauraya, duk da haka lambar da ta fito ta ninka ta jinin Malam ban san sau nawa ba. Na gani da idona, lokacin na iya karanta lamba.

A motar dawowa na gaya wa Malam. Muna baya a matse, buhun wani na danne mani ƙafa. Da muka wuce Giwa ya matso kusa da kunnena.

"Dije, ki zubar da kwalbar, ki yi shiru."

"Rabi fa?"

"Za a san yadda za a yi. Yaya ta tsufa. In ta ji da hannunta ta kusa kashe ni, ba za ta ɗauka ba. Ki rufa mata asiri don Allah."

Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa haɗa ni da Allah a kan wani abu ba sai ranar. Na yi shiru kamar yadda ya ce. Na riƙa karɓar kwalba a hannun Yaya ina tuttulewa a bayan gida. Malam ya koma cin miya tsululu yana ɓata fuska, amma ƙafafu suka yi ƙarfi, zuciya ta zauna, lamba ta sauko. To kun ga inda shirun ya kai mu. Yaya ta shiga gida-gida tana cewa rubutun Matazu ya ci, an karya abin, ga shi tunda yarinyar nan ta bar gidan Sada ya miƙe. Lafiyar Malam ta zama shaida a kan Rabi. Duk wanda yake kokwanto a da, yanzu ya yarda. Na koma wa Malam, ya ce a ƙara haƙuri, magana na mutuwa da kanta. Ni na san irin wannan ba ta mutuwa. Yaron da ke bayan Rabi zai girma ana nuna shi, ga ɗan wadda ta sa wa surukinta abu a miya.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, dangi sun taru a tsakar gida gaishe da Malam, Sani ya durƙusa ya ce yana neman izinin Baba zai sallami Rabi, ba sai an jira Sallah ba. Yaya ta ce Allah ya yi mashi albarka. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi, na jira ya ɗago, bai ɗago ba. Sai na tashi na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar da Yaya ta ba ni da safe, na dire ta a tsakiyar tabarma. Na faɗi duk abin da na rubuta maku a sama, da fata, da 'yar wuta, da buhun taki. Ban ƙara ba ban rage ba. Na ce Rabi ta zuba, ni ma na zuba, kowa a nan ya ga ana zubawa, kuma da ƙauna aka tace shi. Na ce wanda bai yarda ba mota na tashi Zariya kullum.

Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dubi kwalbar, ta dubi ƙanenta.

"Sada, ka sani?"

"Na sani, Yaya."

"Kuka bar ni ina yawo a gari da bakina."

Abin da ta faɗa ke nan. Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ɗanta ya zo daga Malumfashi da a-daidaita-sahu ya kwashi kayanta. Ba wanda ya ce ta tafi. Na tare ta a zaure na ce Yaya ki yafe mani, ta ce ba abin da na yi mata, ta wuce. Ba ta sake kwana a gidan nan ba. Malam yakan je ya gan ta, ni in na je ta amsa gaisuwa ta juya fuska bango, haka har Allah ya karɓi ranta. Malam kuwa tun daga ranar nan har damina ta sauka ba abin da ke haɗa mu sai sannu da kawo ruwa. Daga baya ya sauko, amma bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya ƙara shekaru masu dama yana zuwa wankin jini, ya ga jikoki, ya raba fadamarsa da kansa. In kuna son ku ce ni na kori Gwaggonku, to ga yadda korar take, ku auna. Da an sake maimaitawa, abin da zan canja ɗaya ne, da na fara shiga ɗakinta mu biyu kafin taro. Faɗa dai sai na faɗa.

Biko ni na je da kaina, da Sani da ƙanen Malam. Uban Rabi ya bar mu a zaure har rana ta karkata kafin ya fito. Ya ce ya ji labarin inji, amma shi ba inji ya wanke mashi ɗiya ba, shi dama bai taɓa zarginta ba, sai dai mu mu je mu wanke kanmu. Sani ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dushe. Aka kira Rabi, ta rame ta yi baƙi. Ta ce za ta dawo saboda ɗanta da kuma Inna, amma kar a sake ba ta tukunyar Baba. Aka ce an yarda.

Ta dawo, matan da suka guje ta suka shigo barka da dawowa kamar ba su ba, ta shimfiɗa masu tabarma. Ta daɗe ba ta dafa wa kowa komai ba sai mijinta. Sai wata rana gwiwata ta hana ni tashi, Malam da kansa ya leƙa ya ce Rabi a dama mani kunu. Ta dama, ta kawo, ta durƙusa. Kafin ta miƙa sai ta ɗebi ludayi guda ta sha a gabansa, ta haɗiye, ta ɗan jira, sannan ta tura mashi kwanon. Malam ya ce ba sai kin yi haka ba, ɗiyata. Ta ce to Baba. Washegari ta sake yi.

Har yau tana yi. Ko baƙo ta kawo wa abinci, ko mai jego, ko ku jikokina, sai ta ɗanɗana a gaban mutum tukuna. Ina jin ku kuna tsokanarta, wai Umma ba ta iya ba da abinci sai ta ci kuɗin dako, ita kuma ta yi murmushi ta ƙyale ku. Ba kwaɗayi ba ne. Ku daina yi mata dariya.